In Duniya Ta Yi Wa Ɗan'uwanka Zafi, Ina Za Ka Kai Shi?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Tudun Wada, Zariya



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan abin da ba mu saba ambatonsa a bainar jama'a ba, watau ciwon taɓin hankali, da matsananciyar damuwa, da kuma tunanin da kan zo wa mutum cewa mutuwa ta fiye masa rayuwa. Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne kamar yawancinku. Amma ina ganin wannan magana ta fi shafarmu bisa ga yadda ta shafi likitoci, domin likita ba ya ganin mara lafiya sai an kai masa shi, alhali kuwa mu ne muke kwana ɗaki ɗaya da shi, muke cin tuwo kwano ɗaya, muke zama kujera ɗaya a aji ko a ofis.

Bari in fara da kalmar da ta tsare mana hanya, watau “hauka”. Da an ambace ta, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne mutum mai tsumma, kansa ya cukurkuɗe, yana tsince-tsince a bakin kasuwar Tudun Wada, yara na binsa da jifa. Saboda haka duk wanda bai kai wannan hali ba, sai mu ce lafiyarsa ƙalau. Wanda abin ke ci a ciki shi ma haka yake auna kansa, ya ce tun da ban tuɓe riga ba, ai ba ni da abin kai wa asibiti. Alhali kuwa masu yawo a titi 'yan ƙalilan ne ƙwarai cikin masu wannan lalura. Mafi yawansu suna sanye da fararen kaya, suna zuwa lacca, suna sa hannu a rajistar ofis da safe, wasu ma su ne ke ba mu dariya a majalisa.

Cikin cututtukan da suka fi yawa a tsakanin irinmu akwai wanda likitoci ke kira ciwon damuwa. Kowa yakan yi baƙin ciki in ya faɗi jarrabawa ko an yi masa rasuwa, wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke mai da shi ciwo shi ne ya zauna daram, kullum, har mako biyu ko fiye, ya hana mutum harkokinsa. Sai ka ga barci ya ƙaurace masa, ko ya farka tun kafin assalatu ya kasa komawa. Abinci ba ya masa daɗi. Ƙwallon da yake so, ko hirar da yake so, duk sun fita daga ransa. Ya buɗe littafi ya karanta shafi ɗaya sau biyar bai riƙe kome ba. Ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, ya zama kaya ga iyayensa. Mu nan kuma ciwon yakan ɓuya cikin jiki: mutum ya yi ta kukan ciwon kai, da zafi a tsakar ka, da faɗuwar gaba, da jin kamar wani abu na yawo a jikinsa, ya yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a kyamis, wata da watanni, ba sauƙi. Akwai kuma wanda tsoro ke kamawa haka kawai, zuciya ta yi ta bugawa kamar ransa zai fita. Akwai wanda ke jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko ya tabbata a ransa ana bibiyarsa, irin wannan kuwa yawanci a shekarunmu na samartaka yake fara bayyana. Akwai macen da hankalinta kan gushe bayan haihuwa. Duk waɗannan suna da suna a littattafan likita, kuma duk suna da magani.

Kada wani ya zaci maganar kisan kai ta Turawa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 720,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A lissafinta na 2021, wannan shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Ku dubi waɗanda ke zaune a wannan ɗaki, ku ga ko shekarun wa ake nufi. In ba mu cika jin labarin a garuruwanmu ba, to, a tuna cewa gidan da abin ya faru sukan rufe, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, don gudun abin kunya.

To, me ya sa ba ma neman taimako? A 2004 wasu likitoci na Kano suka buga sakamakon binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, wanda duk mai bin hanyar Kano daga nan yake wucewa. Sun tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Mafi yawa suka ce shaye-shaye, sai masu cewa fushin Allah ne ko ƙaddara, sai masu cewa sammu ko iskoki. Da aka tambaye su inda ya kamata a kai mara lafiya, waɗanda suka ce asibiti ba su kai rabi ba. Wannan amsa ta mutanen Karfi ita ce amsar gidajenmu. Kuma a lura da abin da ke cikinta: in ciwon daga shaye-shaye ne ko fushin Allah, ashe mai ciwon shi ya jawo wa kansa. Wa zai fito ya ce yana da ciwon da za a ɗauke shi mai laifi a kansa? Ga kuma tsoron da ya fi kowanne, musamman ga 'yan'uwanmu mata, watau kada a ce gidan su wance akwai hauka, maneman aure su watse, har da na ƙannenta.

Ba na musun cewa shaye-shaye na da hannu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Nijeriya wajen miliyan 14 da dubu 300 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Mun kuma ga yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har gwamnati ta hana shi a 2018. Sai dai sau da yawa muna ɗaukar jela mu ce kai ne. Yaro yakan fara da rashin barci da ƙuncin zuciya, abokinsa ya miƙa masa tiramol ko wiwi ya ce zai ji sanyi, daga nan ciwo ɗaya ya zama biyu. In aka tsaya ga zaginsa da ɗan ƙwaya, ciwon farko yana nan ba a taɓa shi ba.

Yanzu in zo ga maganar addini, domin a nan ne yawancinmu muke tuntuɓe. Sau nawa muka ji an ce wa mai damuwa, “Kai dai imaninka ne ya yi rauni”? Wannan magana tana da nauyi ƙwarai a kan wanda dama yake ganin kansa ba kome ba ne. Alhali Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Yakubu, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, ba kuwa wanda zai ce imaninsa ya yi rauni. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san labarin Annabi Iliya, wanda ya gaji har ya roƙi a ɗauki ransa, abin da aka fara yi masa kuwa shi ne aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce mu da neman magani, bai kuma ware ciwon taɓin hankali ya ce ban da shi ba. Magabata haka suka fahimta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun daga jiki yake, kuma yana bukatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Saboda haka mai cewa kai irin wannan mara lafiya asibiti baƙuwar al'ada ce, sai ya koma ya binciki tarihinsa.

Lalle addini ya haramta wa mutum ya kashe kansa, kuma wannan hani ya tsare rayuka da yawa. Amma wanda tunanin ke zuwa masa ya riga ya san haramun ne, sanin nan ma yana cikin abin da ke ƙona shi, shi ya sa yake ɓoyewa. In ya buɗe baki ya gaya maka, kai kuma ka amsa masa da wa'azin wuta, ka rufe bakin nan ke nan, ba zai sake buɗe shi ba.

Ban ce a bar addu'a ba, ban ce a bar zuwa wurin malami ko fasto ba. Mai ciwon sukari yana addu'a yana kuma shan maganinsa. Akwai darasi a aikin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Duniya ta yaba wa tsarin, shi kuwa ya kai har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da bulala. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Ba da jimawa ba aka sami irinsa a Daura. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don ƙiyayya suka kai su ba, sun rasa inda za su dosa ne, kuma kuɗi suke biya. Duk wurin da za a ɗaure ɗan'uwanka, ko a doke shi, ko a hana shi abinci, ko a ce ya zubar da maganin asibiti, to, ba wurin magani ba ne, kome yawan allunan da aka jingine a zauren.

To, ina za a dosa? Mu mutanen Zariya Allah ya yi mana gata, sai dai ba mu san gatan ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya daɗe a nan Tudun Wada kafin ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Ɗalibin jami'a yana iya farawa daga asibitin makaranta, a Samaru ko a Kongo, ya gaya wa likita abin da ke damunsa ƙarara, in ya fi ƙarfinsu su rubuta masa takarda zuwa Shika. Jami'a kuma tana da cibiyar ba da shawara ga ɗalibai, wadda da yawanmu har mu gama ba mu taɓa taka ƙofarta ba. Wanda ba ɗalibi ba yana iya farawa daga Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko duk wani asibitin gwamnati mafi kusa. A Barnawa ta Kaduna akwai babban asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba daga nan. In hutu ya same ka a gida, Kano akwai na Dawanau, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai. Ga wanda ba ya iya haɗa ido da kowa tukuna, akwai ƙungiyoyin da ke sauraron mutum ta waya, kamar SURPIN wadda aka kafa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 2017, da kuma MANI wadda matasa suka kafa a 2016. Lambar gaggawa ta ƙasa kuwa ita ce 112.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kullum kuma wasu na haɗa kaya suna tafiya Ingila da Saudiyya. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2006 ya nuna cewa cikin masu ciwo mai tsanani, kimanin 8 cikin 100 ne kaɗai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci binciken. Za ka yi layi, za ka yi kuɗin mota, za a ce ka dawo. Mai ciwon damuwa kuwa ko tashi daga gado aiki ne a gare shi, balle layin kati. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce maganar tamu ce: sai an sami mai riƙe masa hannu.

Game da maganin kansa, akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a fara, don kada a yanke ƙauna. Maganin ciwon damuwa ba kamar Panadol ba ne, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsa, kuma ana ci gaba da sha wata da watanni bayan an ji sauƙi. Mutane da yawa sukan sha kwana goma su ce bai yi ba, ko su ji sauƙi su yar, ciwo ya dawo. Ba ya sa maye irin na tiramol, amma ba a yanke shi farat ɗaya sai da shawarar likita. Kuma ba kowa ne ake ba ƙwaya ba, wani zama da masanin halayyar ɗan'adam ana tattaunawa shi ne maganinsa. Yawancin masu zuwa ba a kwantar da su, sukan karɓi magani su koma aji.

Yayyenmu ma'aikata na san abin da ke ransu: in ofis ya ji, ina makomar aikina? Shekara da shekaru dokar da ke mulkin wannan al'amari ita ce ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916, wadda ba ta san kome ba sai tsarewa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci, a riƙe sirrinsa, kada kuma a nuna masa bambanci wajen aiki. Doka a takarda daban, aiki da ita daban, amma gara ka san kana da ita. Akwai kuma tsohuwar matsala: kundin hukunta laifuffuka na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, a sashe na 231, ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ingila ta soke irin wannan hukunci tun 1961, Gana ta soke nata a 2023, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamiti don a kawar da shi a nan. A ganina mutumin da ya kai wannan hali gadon asibiti ya dace da shi, kurkuku ba abin da zai ƙara masa sai ƙunci. Ko ma mene ne, gaya wa likita cewa tunanin na zuwa maka ba laifi ba ne a kowace doka.

Saura abin da ya fi kome muhimmanci, watau daren da abokinka zai ce maka, “Ni dai na gaji da duniyar nan,” ko “Da ba ni, da kowa ya huta.” Ko ka ga ya fara rabar da littattafansa da tufafinsa, yana bin mutane yana neman gafara ba dalili, ko wanda ya daɗe cikin ƙunci ka ga ya sami wata irin natsuwa farat ɗaya. Kada ka ce wasa yake yi. Camfin da ke cewa mai faɗa ba ya aikatawa ƙarya ne, da yawa daga waɗanda suka aikata sun faɗa tukuna, ba a ji su ba. Ka ja shi gefe, ka tambaye shi a fili: “Wane, kana tunanin kashe kanka ne?” Na san tambayar tana da nauyi a baki, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Masana sun bincika sun tabbatar tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba shi da shi, wanda kuwa yake da shi sau da yawa sai ka ga ya yi ajiyar zuciya, don an sauke masa kayan da ya daɗe yana ɗauke da su shi kaɗai.

In ya ce i, ka zauna ka saurara. Kada ka yi masa gardama, kada ka lissafa masa waɗanda suka fi shi wahala, ya san da su. Kada ka bar shi shi kaɗai a wannan dare. Ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin, ba tare da hayaniya ba. Kada wani ya raina wannan, domin irin wannan hali kamar hadari yake, yakan taso ya yi duhu, sa'an nan ya wuce. Wani masani a Amurka mai suna Richard Seiden ya bi sawun mutum 515 waɗanda aka tare a lokacin da suke gab da hallaka kansu a birnin San Faransisko. A sakamakon da ya buga a 1978, bayan shekara 26 a matsakaicin lissafi, 94 cikin 100 suna nan da ransu ko kuwa sun yi mutuwar Allah da Annabi. Watau wanda aka tsare a wannan sa'a, galibi ya tsira ke nan.

Zai ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba. Kada ka rantse. Ka ce masa, “Ba zan tallata ka ba, amma ranka ya fi ƙarfin sirri, mu zaɓi wanda za mu gaya wa tare.” A nemi babba mai hankali, ko wansa, ko kawunsa, ko malamin da ya yarda da shi, ko limamin da aka san shi da sauƙin kai. 'Yan'uwa mata, ku ma haka a ɗakunanku, domin akwai abin da mace ba za ta gaya wa kowa ba sai 'yar'uwarta. Gari na wayewa a tafi asibiti, kai da shi, ka yankar masa kati, ka zauna a benci har a kira shi. In kuwa ya riga ya yi wa kansa wani abu, ba jiran safiya, ba jiƙe-jiƙe, ba ɗura masa manja ko madara, sai sashen gaggawa nan take. Bayan an sallamo shi kuma kada a watse, makonnin farko bayan fitowa asibiti suna cikin mafi haɗari. A riƙa leƙa shi, a tuna masa ranar komawa ganin likita, a ara masa littafin laccar da ta wuce shi.

Wanda kuma yake zaune a nan yana jin kamar da shi nake, to, da kai nake. Ba sai ka iya bayyana abin da kyau ba. Ka sami mutum ɗaya yau, kafin ka kwanta, ka ce masa, “Ba ni da lafiya, ka raka ni asibiti.”

Malam Shugaba, ina da roƙo ga wannan ƙungiya kafin in zauna. Muna da sakataren walwala, muna da allon sanarwa a kowane ɗakin kwana. A je Shika da cibiyar ba da shawara a samo ranakun da ake ganin marasa lafiya da lambobin wayar da ke aiki, a gwada su a tabbatar ana ɗauka, sa'an nan a liƙa. A ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da na kati ga ɗalibin da ba shi da hali. Ranar 10 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da kisan kai ta duniya, 10 ga Oktoba kuma ta lafiyar ƙwaƙwalwa. A ɗaya daga cikinsu a gayyato likita daga Shika ya tsaya inda na tsaya, ya amsa tambayoyin da suka fi ƙarfina, a kuma ba da dama a rubuto tambaya a takarda ba suna.